Shekara Uku Ina Tsare Sugan Hajiya, Sai Ga Ciwon Zuciya

Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da shekara 63, ta yi shekara 15 da ciwon suga. A shekarun farko ba ta kula da shi ba, magani sai ran da ta ga dama. Shekara uku da suka wuce na dawo da ita gidana, na tsare mata abinci da magani har awonta ya daidaita. Amma tun bayan babbar salla take haki in ta ɗan yi tafiya, ƙafafunta suna kumbura da yamma, da dare kuma sai ta jera filo uku take iya barci. An yi mata hoton zuciya da wasu gwaje-gwaje. Likita ya ce manyan jijiyoyin zuciyar ba su toshe ba, naman zuciyar ne ya yi tauri, suga ne sila, ya kuma ambaci kumburi da sojojin jini. Da yayana ya ji haka sai ya sayo mata kwalaben ƙarin garkuwar jiki masu tsada. Gwaggonmu ta ce tunda kumburi ne a ba ta diklofenak da deksa, su take sha don gwiwarta. Ita kuwa Hajiya cewa ta yi ana magani kai na kaba, a ƙyale ta ta ci abin da ranta yake so. Ni kuma barci ya ƙaurace mini, ina ganin ko ni na yi sake. Maganar wa zan bi?

'Yar Hajiya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, ya mai jiki? Allah Ya ba Hajiya lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri.

Bari in fara da abin da ba zai jira gobe ba. Kada diklofenak ko deksa su shiga bakin Hajiya, sai in likitan da ke duba zuciyarta ne ya rubuta da hannunsa. In an riga an fara ba ta diklofenak, a tsayar yau. In deksa ne kuma ta yi makonni tana sha, shi ba a yanke shi farat ɗaya, likita ne zai rage mata shi sannu a hankali, don haka ki sanar da shi. Kwalaben yayanki su ma a ɗaga musu ƙafa tukuna. Batun ko ke kika yi sake kuwa, a'a, ba ke ba ce, kuma ba lallashi nake yi ba, akwai hujja. Zan zo kanta, amma sai kin fara ganin abin da ke faruwa a cikin ƙirjin Hajiya.

Kalmar kumburi ce ta rikita gidanku. Kumburin ƙafar Hajiya ruwa ne ya taru. Kumburin gwiwar Gwaggo ciwon gaɓa ne. Wanda likita yake nufi daban ne da su duka: ba a ganinsa da ido, ba ya zafi, ba ya sa zazzaɓi. Wuta ce mai cin ƙasa-ƙasa irin ta ƙaiƙayi, wadda za ki ga toka a sama alhali ciki yana ci shekara da shekaru.

Zuciya aiki biyu take yi a kowane bugu, kuma tana bugawa wajen sau 100,000 a wuni da kwana. Ta saki jiki jini ya cika ta, sannan ta matse ta tura shi. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga zugazugi ya san wannan. In fatar zugazugin ta bushe ta ƙandare, ƙarfin hannun mai zuga yana nan, amma iskar da ke shiga kaɗan ce, don fatar ba ta buɗewa. Bisa bayanin likitanku, haka ta Hajiya ta zama. Tana matsewa, amma ba ta sakewa yadda ya kamata. Jinin da ke zuwa daga huhu sai ya tarar da ƙofa a takure, ya yi cunkoso a baya, ruwa ya fara tsattsafowa cikin huhun. Hakin ke nan. In ta kwanta shame-shame ruwan da ya wuni a ƙafafu sai ya komo ƙirji, shi ya sa take neman filo uku. Ƙoda kuma, da ta ga jinin da ke iso mata bai kai ba, sai ta riƙe gishiri da ruwa, ƙafa ta ƙara cika.

Likitoci sun daɗe suna ɗauka cewa suga ba ya taɓa zuciya sai ta hanyar toshe manyan jijiyoyi. A 1972 wata likita a Amurka, Shirley Rubler, da abokan aikinta suka duba zukatan mutum huɗu masu ciwon suga da suka rasu da gazawar zuciya. Jijiyoyin ba su toshe ba, amma naman ya yi kauri, tabo ya ratsa shi. Bayan shekara biyu, a 1974, binciken garin Framingham, wanda tun 1948 yake bibiyar lafiyar mutanen garin, ya nuna cewa namiji mai suga ya ninka marar suga sau biyu da wani abu wajen haɗarin gazawar zuciya, mace kuwa sau biyar. Wannan adadi na mata yana damuna ƙwarai, domin mace mai shekarun Hajiya in ta ce tana haki, amsar da ta fi samu ita ce tsufa ne ko ƙiba ce. Kin kyauta da kika kai ta aka duba.

To ina sojojin jini suka shigo? Fararen ƙwayoyin jini ake nufi, kuma ƙungiya-ƙungiya ne. Waɗanda suka fi shafar maganarmu su ne makurofaj, sunan da a Girkanci yake nufin babban maci. Wani masani ɗan Rasha, Ilya Mechnikov, shi ya fara lura da aikinsu a 1882 a garin Messina na Italiya. Ya soka ƙaya a jikin jaririyar wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda ana hango cikin jikinta tas kamar gilashi, da gari ya waye sai ya ga wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dafifi suna neman cinye ta. Aikin da ya ba shi kyautar Nobel ke nan a 1908.

Irin waɗannan ƙwayoyi suna zaune a cikin naman zuciyar kowa, kuma wasu daga cikinsu tun mutum yana cikin mahaifiyarsa suka tare a can. Su ne 'yan gida. Ba faɗa ne yawancin aikinsu ba, shara ce. Naman zuciya ba ya hutawa, kullum yana ƙona abinci, kullum yana fitar da tarkace. A 2020 masu bincike a birnin Madrid sun nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwayoyin naman zuciya suna ƙunsa lalatattun kayan cikinsu su tura waje, makurofaj 'yan gida su haɗiye. Da aka kawar da masu sharar, zuciyar ta fara lalacewa. Akwai kuma baƙi, waɗanda ake haifa a ɓargo, suna yawo a cikin jini, ba sa shiga nama sai an yi kururuwa. Su 'yan sintiri ne. In ɓarawo ya shigo, wato ƙwayar cuta ko rauni, su za a kira, su yi faɗa, su ƙona abin ƙonawa, su kira masu gyara, sannan kowa ya koma gida.

Abin da ciwon suga yake yi shi ne ya sa kururuwar ta ƙi tsayawa. Suga in ya yi yawa a jini ya daɗe, yana manne wa naman jiki da bangon jijiyoyi, ya dahu a kansu kamar yadda ƙanzo yake kama gindin tukunya. Sojojin jini suna da wata kafa a jikinsu da ke jin wannan ƙanzon, kuma a wurinsu alamar ɓarna ce. Zuciyar mai suga kuma ba ta iya amfani da suga sosai, sai ta koma ƙona kitse fiye da kima, hayaƙin wannan ƙunar yana raunata ƙwayoyinta, raunanan su ma su yi ihu. Ga teɓa a gefe. Kitsen ciki ba ajiya ce kawai ba: wani bincike da aka yi a Jami'ar Columbia ta New York a 2003 ya ƙiyasta cewa a jikin marar ƙiba makurofaj ba su kai kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin kitse ba, a jikin mai ƙiba kuwa suna kusantar kashi 40, kuma daga can suke zuba saƙonnin tashin hankali cikin jini. Saƙon har ɓargo yake kaiwa. A 2013 an nuna a ɓeraye masu suga cewa wata ƙungiyar sojojin, nutirofil, tana sakin wani sinadari da ke umartar ɓargo ya ƙara haifo 'yan sintiri. Ki riƙe wannan: da aka sauko da sugan ɓerayen, haihuwar ta ragu.

Yanzu ki kwatanta unguwar da kullum ake busa usur, dare da rana, shekara goma, ba tare da ɓarawo ko ɗaya ba. 'Yan sintiri sun cika lungu, idonsu ya yi ja, ba wanda za su kama sai masu gida. Ƙananan jijiyoyin da suka ratsa naman zuciya, waɗanda suka fi gashi siranta, cikinsu sai ya yi danƙo, baƙin sojoji su manne, su kutsa cikin naman. Da sun shiga sai su rinjayi 'yan gida masu shara. Suna sakin sinadaran faɗa, suna kuma sakin wani da ke tayar da masaƙan jiki, wato ƙwayoyin da ke saƙa zaren tabo in mutum ya yanke. A fata tabo rahama ne, shi ke rufe rauni. Amma tabo ba ya miƙewa, ba ya naɗewa. In aka riƙa saƙa shi zare-zare a tsakanin ƙwayoyin naman zuciya, ba tare da wani rauni guda da za a nuna ba, a ƙarshe fatar zugazugi ta ƙandare. Akwai ma wata ƙungiya cikin sojojin, daga dangin limfosait, da aikinta shi ne ta ce wa sauran ya isa haka, a koma bariki. A jikin masu suga irin na manya, wato irin na Hajiya, muryar wannan ƙungiya tana raguwa, ta masu zuga kuma tana ƙaruwa. Yawancin wannan bayani dalla-dalla daga ɓeraye aka samo shi, amma an gutsuri naman zuciyar mutane masu irin ciwon Hajiya an duba, an ga sojojin da tabon a ciki. Hawan jini, ƙiba da shekaru su ma kowanne yana ƙara wa wutar ice.

Yayanki yana da gaskiya rabi, kuma ki faɗa masa haka. Mai suga ya fi saurin kamuwa da cuta: maruru, ciwon sanyin mafitsara, gyambon ƙafa mai ƙin warkewa, har tarin fuka. Dalili kuwa nutirofil ɗinsa ba sa saurin isa wurin da ake nemansu, in sun isa ba sa kisa da kyau. Wato jiki ɗaya ne, sojoji suna ta hargowa a inda ba ɓarawo, ran da ɓarawon gaske ya zo kuma ya wuce ta gabansu. Matsalar Hajiya ba ƙarancin sojoji ba ce, sojojin ne suka rikice. In da a ce kwalaben nan suna ƙara musu yawa ko zafi da gaske, da ƙarin 'yan sintiri aka turo unguwar da suka riga suka addaba. Babu wani maganin ƙarin garkuwa da aka gwada aka ga yana sassauta taurin zuciya. Abin tsoron ma shi ne abin da ke cikin kwalbar: wasu haɗe-haɗen suna da suga ko zuma, wasu gishiri, wasu suna wahalar da ƙoda, kuma an sha kama na gargajiya da aka cusa musu deksa a ɓoye don mai sha ya ji ƙarfi a kwanakin farko.

Ita kuma Gwaggo, tunaninta ba na banza ba ne, manyan masana ma sun yi shi: tunda wuta ce, me zai hana a kashe ta da magani? An gwada, kuma sakamakon yana da darasi. A farkon shekarun 2000 an ba masu gazawar zuciya allurai biyu masu toshe ɗaya daga manyan sinadaran faɗan. Ba su amfana ba, waɗanda aka ba da yawa daga ɗayan ma sun fi shiga wahala. A 2017 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna CANTOS, na mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya, wato toshewar jijiyar zuciya farat ɗaya. An yi musu allurar kanakinumab, mai toshe wani sinadarin daban. Haɗarin sake bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ta dalilin zuciya ya ragu da wajen kashi 15 cikin 100, abin da ya tabbatar da cewa sojojin jini suna da hannu a ciwon zuciya. Amma waɗanda cututtuka masu yaɗuwa suka kashe sun fi yawa a cikin masu allurar, don an ɗaure hannun masu gadi. Wani tsohon maganin ciwon gaɓa, kolcisin, ya taimaka wa masu toshewar jijiya a gwaje-gwajen 2019 da 2020, wani gwajin na 2024 kuma bai ga amfaninsa ba, sannan yana da haɗari ga mai raunin ƙoda. Duk waɗannan fa a hannun likitoci ne, ana awo ana sa ido.

Ballantana na kemis. Diklofenak, ibuprofen da danginsu suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga hawan jini, suna rage ƙarfin maganin fitsarin da ake ba mai ciwon zuciya, suna kuma iya durƙusar da ƙodar da suga ya riga ya gajiyar. Mutum yakan sha na 'yan kwanaki don ciwon baya ya ƙare a gadon asibiti huhu cike da ruwa. Deksa kuwa yana harba suga sama, yana tara ruwa, yana kwantar da sojojin gaba ɗaya har da masu tsaron ƙofa. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. In Hajiya tana ciwon jiki, farasitamol ya fi aminci, a kan adadin da likita ya ce. Ita ma Gwaggo, don Allah a lallaɓa ta a auna mata suga, jini da ƙoda. Mai shan waɗannan biyun kullum tana bukatar a duba ta.

Yanzu ga abin da ya hana ki barci. Kin tsare suga shekara uku, me ya sa zuciya ta yi haka? Saboda jiki yana da ƙwaƙwalwar da ba ta kai ba. A 2021 masu bincike a Jami'ar Oxford ta Ingila sun ɗebi ɓargon ɓeraye masu suga suka dasa wa ɓerayen da sugansu lafiya lau. Sojojin da wannan ɓargo ya haifa, duk da ba su taɓa ganin yawan suga a sabon jikin ba, sun fito da zafin rai, jijiyoyin sababbin ɓerayen suka fi lalacewa. Suga ya bar rubutu a kan uwayen da ke haifar sojojin, 'ya'yan suka gaji halin. Sun kuma ga alamun irin wannan horo a ƙwayoyin jinin mutane masu suga. Ki lissafa: shekara 12 jikin Hajiya yana cikin busar usur kafin ki karɓi ragama, kuma suga irin na manya yakan yi shekaru a jiki kafin ma a gano shi. Zaren da ya taurara zuciyarta an fara saƙa shi tun kina wani gidan. Ba kuma ina faɗin haka don a juya laifin kan Hajiya ba. Ciwo ne da ba ya zafi a farkonsa, mutane da yawa masu hankali sun raina shi.

Wannan ƙwaƙwalwa kuma tana riƙe alheri kamar yadda take riƙe sharri. A Birtaniya an fara wani bincike a 1977 da mutum fiye da 5,000 sababbin kamuwa da suga irin na Hajiya. An tsananta wa wasu kula, wasu aka bi da su yadda aka saba. Bayan an gama gwajin sugan ɓangarorin biyu ya dawo daidai da juna. Amma da aka sake duba su bayan shekara goma, a rahoton 2008, waɗanda aka tsananta wa kula tun farko sun fi ƙarancin bugun zuciya da kashi 15 cikin 100, mutuwa kuma da kashi 13. Ladan kulawar ya zo a makare, amma ya zo. Shekaru ukun da kika yi suna nan a rubuce a jikinta, a idonta da ƙodarta da ƙafarta. Ba wanda zai iya nuna miki ciwon da kika tare, don wanda aka tare ba ya zuwa a gan shi.

Sai dai sauko da suga shi kaɗai ba ya isa wa zuciyar da ta riga ta taurara, kuma nan ne nake so ki koma wa likita da tambayoyi. Akwai wasu ƙwayoyin suga, empagliflozin da dapagliflozin, masu sa ƙoda ta zubar da suga da gishiri ta fitsari. A gwajin 2015 empagliflozin ya rage kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya da kashi 35 cikin 100 a masu suga da ciwon jijiyoyi. A 2021 da 2022 aka gwada su a kan masu irin zuciyar Hajiya, mai matsewa amma ba ta sakewa, suka rage haɗarin kwanciya ko mutuwa da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Akwai kuma binciken da ya nuna suna sanyaya makurofaj. Ki tambaya ko sun dace da ita. Suna da sharuɗɗa: suna iya kawo ƙaiƙayin gaba, don haka tsarki da ruwa da tsane jiki ya zama dole, kuma ana dakatar da su in mutum yana amai, gudawa ko ya kasa cin abinci. Suna da tsada, amma kuɗin da yayanki yake zubawa a kwalabe nan ne wurinsu. Ki kuma kwashe duk magungunanta ki nuna masa, domin akwai na suga, irin su pioglitazon, da ke tara ruwa, ba a ba mai gazawar zuciya. Ki tambayi awon jininta, wanda ake so ya zauna ƙasa da 130 bisa 80, da maganin kitsen jini na dangin statin, wanda shi ma yana rage wutar nan, da gwajin ƙoda na jini da na fitsari. Awon HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan wata uku, yawanci ana neman wajen 7, amma ga dattijuwa mai ciwon zuciya likita yana iya sassautawa don gudun faɗuwar suga. In tana da ƙarancin jini ko jinin sikila ki faɗa masa, suna iya karkatar da wannan awon, ƙarancin jinin kansa ma yana ƙara haki.

A gida kuwa gishiri ne babban abokin gaba yanzu, har ya fi shinkafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen miya, yajin da aka daka da gishiri, kilishi da kifin gwangwani. Kanwa ma 'yar gidan gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da gazawar zuciyar masu jego. A rage ta a miyar kuka da ɗanwaken Hajiya, a ƙara daddawa marar gishiri, citta, tafarnuwa da albasa, miyar ba za ta yi lami ba. Ki sami sikelin awon nauyi ta riƙa hawa kowace safiya bayan ta kama ruwa, ki rubuta. In ta ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku, ruwa ne yake taruwa, a kira likita kafin haki ya tsananta. In kuwa numfashi ya gagare ta tana zaune, ko ƙirji ya riƙe, ko ta yi tari mai kumfa, ko ta suma, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Mai suga yana iya samun bugun zuciya ba tare da ciwon ƙirji ba, sai zufa da kasala da tashin zuciya kawai.

Duk wani ƙaramin ciwo da ya zauna a jiki usur ne da ke ƙara tayar da sojojin. Ki duba dasashinta, in yana jini ko haƙori yana girgiɗi a kai ta wurin likitan haƙori. Ki duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu kullum. In akwai mai shan taba a gidan ya fita waje da ita, hayaƙin ice ma kada ta zauna a cikinsa. Tafiya kuma magani ce ta gaske ga irin wannan zuciya, ko zagayen tsakar gida ne na minti goma bayan la'asar, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda numfashi ya bari. Kafin azumi ya kama ku zauna da likita musamman, domin maganin fitsari da ƙishirwar wuni a lokacin zafi ba ƙaramin abu ba ne ga ƙodarta, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Maganar Hajiya ta a ƙyale ta, kada ki amsa ta da lissafi. Ba gardama take yi ba, gajiya ce. Mace ta yi shekara uku tana kallon jikoki suna shan fura da suga tana haɗiyar yawu, sannan a ce mata ga wani sabon ciwo, dole ranta ya karaya. Ki zauna kusa da ita ki tambaye ta abinci biyu ko uku da ta fi kewa, ki kai wa likita ko mai ba da shawarar abinci a nemo yadda za su dawo, ɗan kaɗan, a ranakun da aka sani. Furar gero marar suga da nono a ƙaramin kofi ba za ta rushe aikin shekara uku ba, amma in ta yi fushi ta daina shan magani a ɓoye, wannan zai rushe shi. Kuma in zai yiwu gidan duka ya koma cin miya mai ƙarancin gishiri, don kada kwanonta ya zama na dabam kamar na wadda ake hukuntawa. In kika ga ta daina fira, ta daina sha'awar komai, barci ya lalace, ki faɗa wa likita, don ciwon damuwa yana yawan bin masu ciwon zuciya kuma yana da magani.

Ran da za ku koma asibiti ki roƙi yayanki ya raka ku, ku zuba kwalaben a leda ɗaya da sauran magungunan, ya ji bayanin daga bakin likita da kunnensa. Ba girmansa ba ne ƙanwarsa ta ce masa ya yi asarar kuɗi, kuma ƙauna ce ta sa ya saya. Ke ma ki bar masa kwanan jinya ko sau biyu a mako ki samu ki runtsa. Ki gaishe mini da Hajiya, ki ce ina yi mata sannu.